Jitar Bes Mai Tsirkiya Shida, Babu Mamurɗi Ko Ɗaya: Nazarin Zaɓin Anthony Jackson

Duk wanda ya saba riƙe jitar bes, in aka ajiye masa wadda kamfanin Fodera na Brooklyn ya ƙera wa makaɗin bes Anthony Jackson, abin da idonsa zai fara nema shi ne wurin ƙara murya. Babu shi. Ba mamurɗin ƙarar sauti, ba na gyaran amo, ba makunni, ba ramin batir a baya. Duka-duka abin da ke fuskarta pikof ɗaya ne, wato maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi yana mayar da girgizarsu lantarki, sai waya ta tashi daga jikinsa ta zarce soket. Soket ɗin ma ba irin na jita ba ne, XLR ne mai ƙafa uku, irin wanda ake jona makirufo da shi. Tsirkiya shida, tsawonsu inci 36, firet 28 a wuya, wato siraran ƙarafan da ke gicciye inda ake danna tsirkiya. Da duk wannan rashin kaya, tana cikin jitocin bes mafiya tsada da ake ƙerawa.

Ba rowa ba ce, ba kuma neman suna ba. Jackson ya yi kusan shekara 15 yana zirga-zirga tsakanin maƙera aƙalla uku a New York kafin ya kai ga wannan siffa, kuma kowane ƙarfe da aka saka ko waya da aka cire sai da aka ji jiki kafin a gane dalilinsa. Abin da ya sa labarin ya cancanci a bi shi daki-daki ke nan, musamman ga mai shirin ba da odar jita a sassaƙa masa ita tun daga katako. Irin wannan mutum yakan kwashe makonni yana musu a kan na'urar da za a binne a cikin jitar, abin da mai gyaran rediyo zai sauya masa tsakanin la'asar da magariba, ya bar abubuwan da in an yanka katako ba su da gyara.

Abin da ya dame shi

An haifi Jackson a New York a 1952. Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya riga ya shiga sahun waɗanda ake kira situdiyo in ana son aiki mai tsabta. Ya yi kiɗa da Roberta Flack, Chaka Khan, Paul Simon, Steely Dan da Al Di Meola, daga baya kuma da Michel Camilo da Hiromi. Kamar kowa a zamaninsa, jitar kamfanin Fender yake kaɗawa, mai tsirkiya huɗu da ake kira da sunan sautinsu: E, A, D, G. Wannan jeri Leo Fender ya ɗauko shi a 1951 daga ƙaton gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a tsaye, wanda jitar bes ta zo ta karɓi aikinsa. Tsirkiya mafi kauri, E, tana girgiza sau 41 a sakan ɗaya. Ga mai tsirkiya huɗu, nan ƙasa ta ƙare.

Shi kuwa tun yana saurayi yakan bi faifan masu kaɗa ogan irin su Jimmy Smith, sai ya ji layin bes ɗinsu ya gangara ƙasa da inda jitarsa ta tsaya. Dole ya yi tsalle ya koma sama ya kamo sautin a can, layin da ya kamata ya sauka a hankali sai ya karye a tsakiya. Maganin da ya fara yi shi ne sassauta tsirkiyoyin Fender ɗinsa su sauka ƙasa da yadda aka saba. Ya yi aiki da ita a haka a wasu faya-fayai, amma da wahala: tsirkiyar da aka sassauta takan yi laƙwas, tana dukan firet tana zarya, sai an ɗaga ta an sake saita wuya, kuma abin da aka samu a ƙasa an rasa shi a sama. Abin da yake so a fili yake. A ƙara B a ƙasan E, mai girgiza sau 31 a sakan, a ƙara C a saman G, mai girgiza kusan sau 131, tazarar sauti tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta ta zama ɗaya, yadda yatsu ba za su koma makaranta ba.

An yi jitocin bes masu tsirkiya shida kafin nasa. Danelectro ya fitar da ɗaya a 1956, Fender ya biyo da Bass VI a 1961. Amma waɗancan jita ce ta yau da kullum aka saukar mata da murya: daga E zuwa E, gajeren wuya mai inci 30 ko kusa da haka, tsirkiyoyi a cushe. Ko taki ɗaya ba su sauka ƙasa da E ba. Don a bambance tasa da su ne ya raɗa mata suna jitar kontirabas.

1975: ranar da pikof ya yanke hukunci

A 1974 ya kai wa Carl Thompson maganar, wani maƙerin jita a New York wanda shi ma makaɗi ne. Katako bai zama matsala ba, maƙeri zai faɗaɗa wuya yadda aka ce masa. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan ƙarfe da na lantarki, domin ƙaramin maƙeri saye yake yi, kasuwa kuwa a lokacin ba ta san komai ba sai tsirkiya huɗu.

Lissafin ba shi da tsawo. A Fender, tazarar da ke tsakanin tsirkiya da tsirkiya a kan jaki, wato ƙarfen da suke hawa a gindin jita, wajen milimita 19 ce. In huɗu ne, daga ta farko zuwa ta ƙarshe milimita 57. In shida ne kuma ana son tazarar nan dai, milimita 95. Pikof sai ya rufe wannan faɗi har da ɗan rara, in ba haka ba tsirkiyoyin gefe su fito da murya ƙasa-ƙasa. Babu pikof ɗin bes mai wannan faɗi a shago, babu jaki mai mazauni shida, ita kanta tsirkiyar B sai an ba da oda ta musamman. Sai da Thompson ya nemi Attila Zoller, makaɗin jaz ɗan asalin Hangari wanda ke da hannu a harkar naɗa pikof, ya naɗa masa.

Jitar ta fito a 1975, tsawon inci 34. Jackson ya ɗan taɓa aiki da ita, bai gamsu ba, ya koma wa Fender ɗinsa na wasu shekaru. Babban ƙorafinsa tsirkiyoyin sun matsu, domin kayan da aka iya samarwa a lokacin, musamman pikof, ba su ba da faɗin da ya nema ba.

Wanda bai taɓa kaɗa bes da yatsa ba zai ce milimita biyu ko uku me za su yi. Sai a dubi hannun dama. Yatsa yakan ja tsirkiya ya wuce ta, ya faɗa kan wadda ke sama da ita ya huta, kuma wannan faɗawar ce ke kashe ƙarar waccan. Hannun da ya yi shekaru yana wannan tafiya ya haddace nisan, ba ya duba. Rage masa milimita uku, sai ya riƙa isa kafin lokaci, ƙarfin jan ya ragu, yatsan da ke biye ya rasa wurin shiga. A jita mai tsirkiya shida abin ya fi muni, don akwai biyar da za a hana su gunaguni duk lokacin da ɗaya ke magana.

Kuma wannan aibi ba ya gyaruwa. Tela in ya riga ya sa almakashi a shadda, zai iya sauya maɓalli, ya sauya zaren aiki, amma faɗin kafaɗa ya tafi ke nan. Tazarar tsirkiya ita ke faɗin wane jaki za a saya. Jaki da ƙashin da ke bakin wuya su ke ƙayyade faɗin wuya a kowane firet. Daga nan ake sanin faɗin pikof, daga faɗin pikof ake haƙa raminsa. A 1975 jerin ya tafi a birkice: abin da ke ƙarshe shi ya yi wa na farko umarni.

A farkon shekarun 1980 Jackson ya koma wurin Ken Smith, makaɗin bes da ya buɗe kamfanin ƙera jita, mai ba da odar jakinsa da pikof ɗinsa daidai da zanensa maimakon ɗaukar na kasuwa. A nan ne ya samu jitocin da zai iya shiga situdiyo da su kullum, har ya ajiye mai tsirkiya huɗu. Wani matashi, Vinny Fodera, shi ke aikin katako a wurin Smith. A 1983 Fodera da Joey Lauricella suka buɗe nasu shagon, daga 1984 kuma su suka ci gaba da ƙera wa Jackson, jita bayan jita, kowace tana gyara abin da ta baya ta bari.

Tsawo, wuya da ƙarafa

Da tazara ta daidaita, sai rigimar B ta taso. Tsirkiyar da za ta yi girgiza 31 a tsawon inci 34 sai ta yi kauri, wajen milimita 3.3, kuma duk da haka takan fi 'yan uwanta laushi a ƙarƙashin yatsa, muryarta ta fito a dagule. Hanya biyu ce: a ƙara kauri ko a ƙara tsawo. Ƙarin kauri yana sa tsirkiya ta sandare, ta ƙi lanƙwasa a kan jaki, sautukan da ke hawa kan asalin sautin su kauce daga inda ya kamata su zauna. Jackson da Fodera suka bi tsawo, suka kai inci 36. Ƙarin inci biyu yana ƙara ɗaurin tsirkiya da wajen kashi 12 cikin 100 in kauri da sauti ba su sauya ba.

Ba kyauta aka samu wannan ba. A inci 34, daga bakin wuya zuwa firet na huɗu milimita 178 ne. A inci 36 ya kusa 189. Santimita guda ke nan da hannun hagu zai ƙara buɗewa a daidai wurin da mai bes ya fi zama. Sannan tsirkiyoyin shago na yau da kullum ba sa kaiwa, sai an nemi dogaye. Mai zaune a inda ko tsirkiyar bes ta gama-gari sai an aika wani gari kafin a samu, ya kamata ya yi wa wannan dogon tunani. Yawancin maƙera a yau sun tsaya a 34 ko 35, kuma da dalilinsu.

Tsirkiya shida masu wannan tsawo suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 100, dare da rana. Ga wuyan ya yi tsawo, ga faɗi. A ƙarshen shekarun 1980 Jackson da Fodera suka fito da dabarar da daga baya maƙera da yawa suka kwaikwaya: aka bar gangar jikin jitar ta ɓangaren sama ta bi wuya ta rungume shi har can wajen tsakiya, maimakon ƙaho biyu da aka saba. Ɓangaren wuyan da ke reto shi kaɗai ya gajarta, ya rage lanƙwasa, kuma wuyan da ba ya rawa ba ya cinye ƙarfin tsirkiya. Ta ƙasa kuwa aka yanke sosai don hannu ya kai firet na 28. Da haka jitar ke tashi daga girgiza 31 har zuwa wajen 659, alhali Precision ta Fender mai firet 20 tana tsayawa ne a wajen 311.

Makullan ɗaure tsirkiya ba su da dogon zance, abu ɗaya ne: nauyi. Shida ne a can ƙarshen dogon wuya, kowane giram da aka ƙara yana jan kan jita ƙasa, hannun hagu ya koma riƙo maimakon kiɗa. Jackson a zaune ya fi kaɗawa, mai tsayuwa da maɗauri a kafaɗa shi ya fi buƙatar makullai marasa nauyi.

A kan jaki kuwa ana yawan cika baki. Wani ya rantse da tagulla mai nauyi wai tana tsawaita sauti, wani ya ce alminiyam ya fi barin katako ya yi magana. Akwai bambanci, amma a ganina bai kai rabin surutun da ake yi a kansa ba. Tambayoyin da suka fi ciwo ba su da daɗin hira: mazaunin B yana iya ja da baya sosai don sautin firet na sama ya daidaita? Ramin da tsirkiya ke bi ya isa kaurinta? Ana iya matsar da kowane mazauni gefe don gyara tazara? Jakin da ya faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, ko da zinariya aka yi shi, ya ɓata jitar.

Lantarki: hanya biyu daga matsala ɗaya

Cikin mutanen da Jackson ya sha ambata a matsayin waɗanda ya koya daga kiɗansu akwai James Jamerson na kamfanin faifai na Motown da Jack Casady na ƙungiyar Jefferson Airplane. Abin dariyar shi ne Casady ne ya mallaki jitar da ta zama kishiyar tasa ta kowace fuska.

A 1972 kamfanin Alembic na Kalifoniya, wanda ya tsiro daga cikin masu kula da sautin ƙungiyar Grateful Dead, ya ƙera wa Casady jitar farko da kamfanin ya yi tun daga katako. Rick Turner ya yi aikin jiki da pikof, Ron Wickersham, wanda ya taɓa aiki a Ampex, kamfanin na'urorin ɗaukar sauti, ya yi lantarki. Kuɗinta ya haura dala 4,000 a zamanin da Fender sabuwa ba ta wuce 'yan ɗaruruwa ba. Pikof ɗinta suna zamewa a kan dogo don a matsar da su inda ake so, akwai 'yan fitilu a wuya, ga mamurɗai reras. Jitocin Alembic da suka biyo baya har da akwatin wuta na daban suke zuwa, ana jona shi da waya mai ƙafa biyar, don batir bai ishe su ba.

Me Wickersham yake gudu? Pikof na gargajiya siririyar wayar jan ƙarfe ce, kusan kaurin gashi, an naɗa ta sau 8,000 zuwa 10,000 a kan maganaɗisu. Yawan naɗin yana ba da murya mai ƙarfi, amma yana sa pikof ya zama mai saurin jin nauyin duk abin da aka rataya masa. Mamurɗi kaya ne. Na Fender kowane om 250,000 ne, biyu in suka haɗu pikof yana ganinsu kamar 125,000, in aka ƙara bakin amfilifaya ya sauka wajen 111,000. Kebul ma kaya ne, kowace mita tana tara wajen fikofarad 100, mita shida 600 ke nan. Koyil, wato naɗin wayar nan, da kebul in suka haɗu sukan yi wani tudu a sautukan sama, galibi tsakanin girgiza 2,000 da 5,000, daga nan sauti ya gangara. Tsawon kebul ke matsar da tudun ƙasa, mamurɗai ke danne shi. In aka rage murya da mamurɗi kuma, kaifin sautin ne ke fara tafiya. Duk mai bes marar batir ya san wannan a kunnensa ko bai san lissafin ba.

Amsar Alembic ita ce a rage naɗi, pikof ya yi rauni amma ya ji komai daga ƙasa har sama, sannan a dasa na'urar ƙarfafa sauti a cikin jitar, kusa da shi, ta tsaya tsakaninsa da kebul. Daga nan kebul ya yi mita ashirin in ya ga dama. Tunda wuta ta shigo, sai a ƙara matatun sauti, a ƙara wani koyil marar maganaɗisu wanda aikinsa kawai ya kashe ƙugin wutar gida. Wannan tunani ne ya sauko kasuwa a 1976 cikin StingRay ta Music Man da batir ɗinta mai bolt 9, kuma shi ne yau a cikin yawancin jitoci masu tsirkiya biyar da shida.

Jackson ya dubi matsalar nan dai, ya bi ta ɗaya ƙofar. In mamurɗai ne ke danne pikof, a cire su. In na'urar cikin jita ƙarama ce mai rayuwa da ɗan batir, alhali a situdiyo akwai wadda ta fi ta sau goma, me ya sa sauti zai fara ratsa ƙaramar? Sai aka bar pikof ɗaya mai koyil biyu, waɗanda aka naɗa su yadda ƙugin da ɗaya ya ɗauko ɗayan zai soke shi, aka ja waya zuwa soket mai kullewa wanda ba ya zarewa in an taka kebul. Wannan siffa ce Fodera ke sayarwa da sunan Presentation.

Pikof ɗaya ma zaɓi ne mai dalili. Biyu in suna aiki tare, kowane yana sauraron tsirkiya daga wurinsa, kuma akwai sautukan da a wuri ɗaya tsirkiya ke hawa, a ɗayan tana sauka a lokaci guda. In aka gauraya su, sai su cinye juna. Muryar nan ta Jazz Bass ta Fender mai rami a tsakiya in an buɗe pikof biyu duka, daga nan take, kuma mutane da yawa ita suke so. Jackson bai so ta ba. Amma mai pikof ɗaya ya sani cewa wurin da ya haƙa ramin shi ne muryar jitarsa har abada: kusa da jaki ta yi kaifi ta rasa gindi, kusa da wuya ta yi kauri ta rasa baki. Casady ya sa nasa a kan dogo don kada ya yanke wannan hukunci. Jackson ya yanke shi sau ɗaya.

To ina gyaran amo ya koma? Hannu. Jackson yakan kaɗa kusa da jaki ko kusa da wuya, yakan ɗora tafin hannu ya danne tsirkiya ya bugi da babban yatsa har ta yi kamar ƙaton gogen tsaye, yakan ɗauki filastik ɗin kaɗawa in yana son cizo. Ƙarar murya kuma ta koma ƙafa, a kan fedal. Wato mamurɗin bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa inda zai taɓa shi ba tare da ya ɗaga hannu daga tsirkiya ba.

Wa zai iya kwaikwaya

Ni dai ina ganin zaɓin ya yi daidai ga mai shi, amma ba kowa zai ɗauka ya ji daɗi ba. Jackson ya kasance yana tafiya da nasa kayan sauti, kebul ɗin da ya sani, na'urar da ya zaɓa, lasifikar da ya yarda da ita. A jita marar mamurɗi kuma marar batir, kebul shi ne mai gyaran amo, ko an so ko ba a so ba. Sauya mita uku zuwa mita goma, muryar ta sauya. Jona ta kai tsaye a mikisar da ba a yi bakinta don pikof ba, sautin ya yi sanyi ya dushe.

Makaɗin da yau yana wurin biki, gobe yana coci, jibi yana wani ɗan situdiyo, duk inda ya je amfilifayar da ya tarar ita ce tasa, kebul kuma wanda aka miƙo masa, yana cikin halin da Wickersham ya yi wa magani. Ga shi na'urar cikin jita ta fi amfani, domin tana raba pikof da duk wani tarkacen da ke gaba. Aibinta batir. Yana fara shan wuta da zarar an soka kebul, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma in ya kusa ƙarewa sai sauti ya fara karcewa a tsakiyar waƙa. Maganin bai kai kuɗin tsirkiya ɗaya ba: a saka pikof marar batir, a saka na'urar, a saka makunnin da zai tsallake ta. A ware wa batir nasa ramin mai murfin da ake buɗewa da farce, kada ya zama sai an kwance sukurori shida a bayan dandali.

Sai ƙugi. Wutar Amurka tana juyawa sau 60 a sakan, ta Nijeriya da Nijar sau 50, janareta kuwa yadda ya ga dama. Girgiza 50 tana zaune ne daidai tsakiyar sautukan tsirkiyar E, don haka ba a iya tace ta ba tare da an yanki bes ɗin kansa ba. A wurin da wayar ƙasa ba ta da tabbas, pikof mai koyil ɗaya fitina ne. Darasin Jackson a nan ya shafi kowa: koyil biyu. Bayan haka a shimfiɗe ramukan lantarki da takardar jan ƙarfe mai manne, a tabbata kowane yanki ya taɓa ɗan uwansa, a ja waya daga can zuwa ƙarƙashin jaki a like ta da dalma. Wannan waya rami take bi ta cikin katako, kuma huda shi kafin fenti ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abin da ya gagari Thompson a 1974 yau yana cikin kowane kundin 'yan kasuwar kayan jita. Jakin tsirkiya biyar da shida ana samunsa a tazarar milimita 16.5, 17, 18 da 19. Pikof masu siffar sabulu suna zuwa a tsawo daban-daban, na EMG alal misali inci 3.5, 4 da 4.5. Sai dai yawan kayan ya haifi nasa tarko, don babu dokar da ta ce jakin wannan kamfani zai dace da pikof ɗin wancan, ga shi gidajen pikof na kamfanoni ba girmansu ɗaya ba, ramin da aka haƙa wa ɗaya ba lalle ya karɓi ɗayan ba. Tsirkiyoyi kuma ba a miƙe suke tafiya ba, suna matsewa daga jaki zuwa bakin wuya, don haka tazararsu a kan pikof na gaba ta fi ta na baya ƙanƙanta. Pikof mai ƙusoshin maganaɗisu a ƙarƙashin kowace tsirkiya sai ya dace da wannan tazara daidai, mai doguwar ruwan wuƙa a ciki ya fi haƙuri. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya taɓa katako sai jaki, pikof da makullai sun iso hannunsa, ya shimfiɗa takarda mai girman jitar, ya ja layin kowace tsirkiya daga bakin wuya zuwa mazauninta, ya ɗora pikof a kai ya ga inda B da C suka faɗo.